Katin Shuffleboard a Gwangwanin Jira

Gwammaja, Kano
12 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Yaya Salihu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen Sin ɗinka masu cin shinkafa da tsinke. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Umma tana gaishe ka, wai ka rame a hoton da ka turo. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, tumbin ne ka ɓoye a bayan kwali.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. Wata huɗu ke nan ina zaman magatakardar Baba, har yatsana ya yi kanta, na saba da biro. In na gama sai in ɗauki hoton takardar in turo maka.

Yaya, idon Baba ya ƙara yin ƙasa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, ragowar ake lallaɓawa. Shi kuwa ba ta idon yake ba, ta ƙamus ɗinsa yake. Shekara ashirin da takwas yana tara kalmomin Turanci da fassararsu a katuna, kwalaye sun cika ɗaki. Yanzu wani tsohon ɗalibinsa mai maɗaba'a a Zariya ya ce a kai masa aikin a ƙarshen Disamba zai buga.

Ka dai san dokarsa. Kalma ba ta shiga sai an sami wanda ya ga abin da idonsa, ya kuma ji an faɗe ta a cikin magana. A rubuta cikakken sunan mai shaidar a ƙasan katin, a sake sa shi a jerin da ke bayan littafi. Wadda ba ta sami shaida ba, a jefa ta a tsohon gwangwanin madarar nan da yake kira gwangwanin jira. To, mun zazzage gwangwanin makon jiya. Kati goma sha ɗaya suka rage. Goma ya ce in yaga, ko a jikinsa. Na ƙarshen ya riƙe ya ƙi saki. Kalmar ita ce shuffleboard. Katin har ya yi ja don tsufa.

Na duba a waya, na ce Baba ai wasa ne, ga bidiyonsa ma, na kai masa daf da ido. Ya ture hannuna ya ce, "Hoto ba ya rantsuwa." Ka ji fa!

Jiya Alhaji Maidaji, maƙwabcinmu mai zuwa can sayen kaya, ya shigo gaishe shi. Ya ce a wata unguwa wai ita Panyu babu irin teburin wasan da ba a ƙerawa. Sai bakina ya suɓuce na ce, ai Yaya yana can. Baba ya ce, "Wanda ke can ba na karɓar shaidarsa." Ba zan ɓoye maka ba, haka ya faɗa. Amma katin bai koma gwangwani ba, aljihun gaban rigarsa ya sa shi, har yanzu yana ciki.

Shekara bakwai ba ku yi maganar da ta wuce ina kwana ba. Ni dai na gaji da zama tsakaninku kamar wayar tarho. Don Allah ka nemo mana abin nan.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Hasiya

Dengfeng, Guangzhou
20 ga Oktoba, 2024

Hasiya,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarki, na gode. Ki gaida Umma, ki ce mata ina cin tuwo sau biyu a mako a shagon wata Zeinabou 'yar Yamai, miyar kukarta ba laifi.

Kin ɗoro mini abu mai nauyi kina dariya. Ke kina makarantar kwana lokacin, labari kika ji, ni kuwa da idona na gani. Shekara biyun ƙarshe cur ina ce wa Baba ina jami'a ina karatun Turanci, alhali ina Kantin Kwari ina auna yadi. Ranar bikin yaye ɗalibai ya ɗinka sabuwar babbar riga, ya tafi tun da safe bai gaya mini ba, wai zai ba ni mamaki. Ya karɓi littafin sunayen waɗanda suka gama, ya bi shi da yatsa sau uku. Da ya dawo gida bai ɗaga murya ba. Ya ninke rigar, ya ce, "Daga yau maganarka ba hujja ba ce a wurina." Da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kin san ni ne ɗan fari, kuma sunan mahaifinsa aka sa mini, don haka tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. Sai "kai", sai "wannan". Ban taɓa jin haushi ba, kunya ce ta manya. Amma daga baya na gane ranar nan ce kaɗai ya sa rai zai ga sunan a rubuce, ba sai ya faɗa da bakinsa ba. Ni na hana shi.

To yanzu kina so in aika masa shaida. Mutumin da ya ƙi shaidar wani farfesa a kan kalmar igloo don bai taɓa shiga ɗakin ƙanƙara ba!

Duk da haka na tambaya. Abokina Issa, Bamaraɗe, da muke raka 'yan kasuwa masana'antu tare, ya ce, "Shafal me? Ana sa shi a kwantena?" Masu shaguna uku na nuna wa kalmar a waya, kowa ya kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Amma ana cikin babban baje koli a Pazhou, kuma ƙarshen watan nan za a buɗe ɓangaren kayan wasanni. Ina da baƙi daga Kano da zan kai wajen takalma. In na sauke su zan zaga.

Ban yi alkawarin komai ba. Kada ki gaya masa tukuna.

Yayanki,
Salihu

Dengfeng, Guangzhou
4 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka ya jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare abin da ya rage na gani. Na san abin da ka faɗa a kan maganata. Ban rubuto don in yi jayayya ba. Ga abin da na gani, in bai yi ba a yaga.

Ranar Asabar biyu ga wata, bayan azahar, a zauren kayan wasanni na Pazhou, na ga shuffleboard. Teburi ne siriri mai tsawon gaske, ƙafa ashirin da biyu, faɗinsa kuwa bai fi a shimfiɗa sallaya ba. Katakon ya sha gogewa yana sheƙi. Kewaye da shi akwai kwata, inda abin da ya zame yake faɗawa. Ana barbaɗa masa wani gari mai kama da tsakin masara, shi ke sa santsi.

'Ya'yan wasan guda takwas ne, ƙarafa masu faɗi kamar murfin kwalbar man shafawa, huɗu masu jan kai, huɗu masu shuɗi. Mutum biyu suna tsayawa a gefe ɗaya, suna turawa da hannu bi da bi. A can ƙarshen teburin an ja layuka, an rubuta ɗaya, biyu, uku. Wanda ɗansa ya fi matsawa kusa da baki ba tare da ya faɗa ba, shi ke da ci a wannan zagayen. Ya halatta ka bugi ɗan abokin wasanka ka jefa shi kwata.

Na taɓa da hannuna. Lawban ɗin, wato mai kayan, wata mata ce mai masana'anta a Panyu, ta ce in gwada. Na farko na tura shi da ƙarfin ɗan dako, ya wuce fuu ya faɗa. Na biyu na ji tsoro, bai kai ko rabi ba. Sai a na bakwai na sami biyu.

Maganar jin kalmar a baki kuwa, Allah ya kawo wani tsohon Bature daga Kanada, mai saye wa gidajen hutawa kaya, da na'urar ji a kunnensa. Yana tsaye yana kallon yadda nake ɓarna. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Slow down. Nobody plays shuffleboard in a hurry." Wato in sassauta, ba a wannan wasa da gaggawa. Na roƙe shi ya maimaita, na rubuta a bayan katin shigata. Ya yi dariya ya tambaye ni ko ɗan sanda ne ni. Na ce a'a, ɗan malami ne.

Na saurare shi kusan rabin awa. Na lura in wasan yake nufi, kalmar ita kaɗai yake faɗa, ba ya sa mata "a" ko "the" na Turanci, ba ya kuma yi mata jam'i. In teburin yake nufi sai ya ce a shuffleboard table. Ya ce a ƙasarsu da an ambaci kalmar, tsofaffi masu ritaya ake tunawa, shi ya sa matasa ke tsokanar juna da ita, ko da yake yanzu su ma sun fara yi.

Iyakar abin da na samu ke nan. Alhaji Maidaji zai taho maka da takardar nan, don na san ba ka son ta waya.

Allah ya ƙara girma. Ɗanka,
Salihu

Gwammaja, Kano
17 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga mai wasiƙar huɗu ga Nuwamba,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takarda ta iso, an karanta mini. Na gode da addu'a.

Bayanin ya tsaru, kuma jimlar Baturen ta yi kyau. Sai dai ina da tambaya. Ka ce ƙafa ashirin da biyu. Da me ka auna?

Ta biyu ta fi wannan nauyi. Littattafai huɗu da na dogara da su, dukansu da wasan ƙasa suka fara, ba na teburi ba. Sun ce ana zana fili a daɓe, galibi a saman manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido, ana tura faya-fayai da doguwar sanda. Ba ka ambaci wannan ba ko da kalma ɗaya. Ka gan shi? In ka gani, ka bayyana, kati ya cika. In ba ka gani ba, abin da ka kawo rabin shaida ne, ni kuwa shekara ashirin da takwas ban taɓa shigar da rabi ba.

Ranar ashirin ga Disamba kwalaye za su tafi Zariya.

Wassalam.
Malam Barmo

Yaya, ni ce Hasiya, na ƙara wannan a ƙasa bai sani ba. Wallahi sau uku ya sa na karanta masa wasiƙarka. Wajen "a'a, ɗan malami ne" ya ce in tsaya, wai ƙura ta shiga masa ido, a ɗakin da na share da safe! Yanzu saura ƙiris. Don girman Allah ka ce ka gani. Wa zai ƙaryata ka? Na kalli bidiyon ya fi sau goma: fili ne dogo, da zanen alwatika a kowane ƙarshe, da lambobi goma, takwas, bakwai, sandar kuma bakinta kamar gwafa. Ga shi na ba ka a bagas, ka juya shi da irin Hausarka. Ai ba ƙarya ba ce tunda akwai abin a duniya. Kada ka tsaya taurin kai irin na gidanmu, lokaci ya ƙure, idon nan kuma ba jira yake ba.

Dengfeng, Guangzhou
1 ga Disamba, 2024

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan jiki da sauƙi. Na sami amsarka, na kuma ji daɗinta fiye da yadda zan iya faɗa. Rabon da in sami takarda daga hannunka tun ina aji uku na sakandare.

Tambaya ta farko ta kama ni. Ban auna ba. Mai kayan ce ta faɗa, ni kuma na rubuta kamar ni na auna. Kuskurena ne. Ranar Talata na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na tafi masana'antarta a Panyu da tef ɗina na auna kwali. Teburin gaba ɗaya, har da kwatar, ƙafa ashirin da biyu ne. Amma katakon da ake wasa a kai ƙafa ashirin ne da inci takwas. Akwai kuma gajeru, na auna wani mai ƙafa goma sha biyu. A gyara.

Tambaya ta biyu. A masana'antar na ga sandunan da faya-fayan a cikin kwali, za a tura su waje. Na ciro sanda ɗaya na riƙe, ta fi ni tsawo kaɗan, ba nauyi, bakinta ya rabu biyu. Na tambaya ko akwai filin da ake wasan a garin nan, suka ce ba su sani ba, su ƙerawa kawai suke yi. Issa ya ce mu gwada tashar jiragen ruwa ta Nansha. Muka tafi ranar Alhamis, tafiyar kusan awa biyu. Mun tarar da jirgi ɗaya a tsaye, fari, ya fi duk wani bene da ke Kano tsawo. Ba a shiga sai matafiyi mai tikiti, kuma haka dokar take ga kowa. Na tsaya a bakin shinge ina hangen samansa. Na ga mutane ƙanana suna kai da kawowa, ban ga abin da suke yi ba.

Saboda haka amsata ita ce, ban gani ba.

Ba zan ɓoye maka ba, Baba, na zauna da biro a hannu na rubuta bayanin filin tsaf, da lambobinsa da komai, daga abin da na ji. Ya yi kyau ƙwarai, na tabbata da ya wuce. Na karanta shi sau biyu, sai na ji muryata irin ta shekarun nan da nake dawowa daga Kwari in ce maka lacca ta yi tsawo. Na yaga shi.

Na san abin da wannan ke nufi. Katin zai bi sauran goman, sunana kuma ba zai shiga littafinka ba. Ya yi mini ciwo, don na sa rai, har na fara tunanin shafin da zai fito. Amma na taɓa sa ka neman sunan nan a inda babu shi. Ba zan sa shi a inda bai cancanta ba.

Abin da na yi maka shekara bakwai da suka wuce, ban taɓa buɗe baki na ce ka yafe mini ba, kullum sai in aiko da shadda da turare. Yau na ce. Ka yafe mini, Baba.

Hasiya, ki karanta masa duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Na san halinki.

Ɗanka mai neman albarka,
Salihu

Gwammaja, Kano
15 ga Disamba, 2024

Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

An karanta mini, ba a tsallake komai ba, ko da yake mai karatun ta yi ta jan hanci.

A shekarar 1996 wata ɗaliba ta tsinci kalmar nan a littafin karatu, ta ɗaga hannu ta tambaye ni ma'anarta a gaban aji. Ban sani ba. Girman kai ya hana ni faɗa, na ce katako ne da Turawa ke goge ƙafa a kai a bakin ƙofa. Yara arba'in suka rubuta. Da na duba na ga abin da na yi, kunya ta hana ni komawa in gyara. A makon na yanka katin farko, kuma shi ne wannan. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarku.

Irin kalma ukun da na kasa faɗa a ajin nan, kai ka faɗe su. Wanda ya iya cewa ban gani ba, in ya ce ya gani sai a karɓa. Na yafe, duniya da lahira. Ni ma na daɗe da yawa a kan magana ɗaya.

Ga yadda katin zai tafi Zariya, rabi, karo na farko:

shuffleboard, suna, ba ya jam'i. Wasan tura 'ya'yan ƙarfe da hannu a kan dogon teburi mai santsi, ana neman su tsaya kusa da baki ba su faɗa ba. Misali: Nobody plays shuffleboard in a hurry. An ce akwai na ƙasa da ake yi da sanda. Ba a sami mai shaida ba tukuna.

Akwai wasu kwalaye biyu na kalmomin kasuwa da ban gamsu da su ba, na ajiye su don bugu na biyu. Suna bukatar mai ido, wanda kuma ya san kwantena. In Allah ya kawo ka da azumi, ka taho da tef ɗin nan naka.

Har nan Hasiya ce ke rubutawa. Saura layin ƙasan kati, wanda doka ta ce sai da cikakken suna, ni kuwa bakina ba zai iya faɗa mata shi ba. Na ce ta ba ni biron, ta ɗora mini hannu a inda layin yake. In ya karkace, ka yi haƙuri, ba na ganin takardar.

Mai shaida: Salihu Barmo, ɗana.